Shirin Bango Kafin Ado

Wanda ya ga gida mai zane a Kano ko Zariya, adon waje kaɗai idonsa yake gani. Amma ƙarfin aikin yana ƙarƙashin adon, wurin da ido ba ya kaiwa. Magina suna shirya bango daki-daki kafin su sa masa launi.

Da fari sai a bar bangon ya bushe sarai. Saboda haka da rani aka fi yin wannan aiki. In aka rufe bango yana ɗanye, laimar da ke ciki za ta nemi hanyar fita, ta tura shafen, ya kumbura ya ɓamɓare.

Sa'an nan sai yaɓe na fari. Ana kwaɓa ƙasa da ramno, watau yankakkiyar ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana biyu. Ciyawar ita ce take riƙe ƙasar, ta rage tsagewa. Magini yakan yayyafa wa bango ruwa tukuna, domin busasshen bango kan tsotse ruwan yaɓe nan da nan, yaɓen ya ƙi kamawa. Wannan yaɓe ba a goge shi ya yi sumul. Da gangan ake barinsa da kaushi da sawun yatsu, don na biyu ya sami abin kamawa.

Bayan ya bushe, sai a toshe kowace tsaga, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama ma ta nan yake shiga. Daga nan a kawo shafe na biyu, na ƙasa mai laushi, a kwaɓa ta da ruwan makuba. Makuba kuwa ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne da ake jiƙawa. Tana ƙara wa bango tauri, ta taimake shi jure ruwa.

Akwai kuma laso, wanda ya fi makuba ƙarfi. Ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe karofi da rufin soro. A yau siminti ya maye gurbinsa a wurare da yawa.

Sai duk wannan ya ƙare kana a sa farar ƙasa ko fenti. Magini mai gaggawa yakan tsallake wani mataki, gidan ya yi kyau wata ɗaya ko biyu. Da damina ta sauka sai shafen ya zube, mai gida ya biya kuɗin aiki sau biyu.

Tambayoyi
1. Don me ake barin yaɓe na fari da kaushi?
2. Da waɗanne abubuwa ake haɗa laso?
3. Me kan sami bangon da aka shafe yana ɗanye?