UWA, KUNNEN YARONKI YANA ZUBAR DA MUGUNYA?

Can cikin kunne akwai wata 'yar fata siririya, ita ce dodon kunne, da ita ake ji. In mura ko ƙyanda ta kama yaro, mugunya takan taru a bayanta. Sai ki ga yana ta kuka, yana jan kunne, ga zazzaɓi. In fatar nan ta fashe, mugunya ta fito, sai kuka ya tsaya. Kada ki ce ya warke, kunne ya huje ne.

In aka yi sakaci, jinsa zai ragu, magana ta yi masa nauyi, karatu ya gagare shi. Ciwon yana iya kaiwa har ƙwaƙwalwa.

ABIN DA ZA KI YI

1. Ki kawo shi asibiti da wuri. Ki ba shi magani har ya ƙare, ko da kin ga sauƙi.
2. Ki murɗe auduga mai tsabta ki tsane kunnen, sau 3 kullum.
3. Kada ki sa tsinke ko gashin kaza. Kada ki ɗiga mai ko ruwan ganye.
4. Kada ruwa ya shiga kunnen lokacin wanka.
5. In bayan kunne ya kumbura, ko wuya ya sanƙare, ki garzayo, ko da tsakar dare ne.

IN HUJIN BAI RUFE BA

Sau da yawa huji yakan rufe da kansa in kunne ya bushe. In ya ƙi, likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan yi aiki ya liƙe shi. Wasu likitoci yanzu sukan ɗebi jinin mai ciwon kaɗan, su juya shi a inji, su ware ruwan ɗorawar nan mai ɗauke da ƙwayoyin da ke tsai da jini in an ji rauni. Shi ake sawa a wurin liƙin don ya taimaka fata ta haɗe. Kada ki tsorata, jininsa ne, ba na wani ba. Amma likita zai so kunne ya bushe tukuna, wannan kuwa yana hannunki.

Nono zalla har wata 6. Allurar ƙyanda a wata 9. Ki nisanta jariri da hayaƙin murhu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI!