Wa ke yanka kuɗin tsayawar mota a tashar Magariya?

Mai sauraronmu daga Dungas, ɗan kabu-kabu, ya tambaya: wa ke yanka kuɗin da ake karɓa in mota ko babur ya tsaya a tasha, kuma bashin da ake bin ma'aikatar magajin gari ne ke sa ya hau?

To Malam, bayan zaɓen 2004 majalisar kansiloli ce ta riƙa zama tana amincewa da kasafin kuɗi, da harajin tasha da na kasuwa, da duk rancen da za a ci, bisa iyakar da doka ta gindaya. Amma a watan Afrilun 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Yanzu kantoma ke riƙe da wannan aiki.

Bashi kan matsa wa hukuma ta tsananta karɓa, gaskiya ne. Sai dai kada ka miƙa ko dala sai an yago maka tikiti mai lamba da hatimi.