Bidiyon biki da suna: yadda za a gyara shi a gida launinsa bai lalace ba

Tun 2020 da iPhone 12 ta fito da ɗaukar bidiyo a tsarin Dolby Vision, wanda nau'in HDR ne, gidaje da yawa ke ɗaukar bidiyon HDR ba su sani ba. A wayar da aka ɗauka da ita, shaddar ango na sheƙi, fuskar amarya tas. Da an tura wa dangi ko an sa a tsohuwar talabijin, sai launi ya dushe ko fararen kaya su ƙone da haske. Matsalar tana tasowa ne a hanyar da bidiyon ya bi daga wannan na'ura zuwa waccan.

1. Ku san inda za a kalla kafin ku ɗauka. Bidiyon da aka saba, na ma'aunin Rec.709, yawanci matakan haske 256 gare shi a kowane launi, na HDR kuwa 1,024. Amfanin wannan ƙarin yana fitowa a wurin ɗaurin aure da rana tsaka, inda farar babbar riga da fuskar baƙin mutum suke cikin hoto ɗaya: aikin rigar ya fito, fuskar ma ba ta nutse cikin duhu ba. Amma idan a WhatsApp kawai za a yaɗa shi, ku shiga saitin kyamara ku kashe HDR, ku huta.

2. Kada a taɓa fayil na asali. A kwafe shi wuri biyu kafin a goge katin kyamara ko a rage kayan waya, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani ma'aji dabam. Ranar suna ba ta dawowa.

3. Idan mai ɗaukar bidiyo ya kawo muku aiki kuka gan shi toka-toka, kada ku ce ya cuce ku. Mai yiwuwa da tsarin log ya ɗauka, irin S-Log3 na Sony ko Apple Log na iPhone 15 Pro, ko kuma ɗanyen fayil ne kamar Blackmagic RAW, wanda ke adana bayanan da kyamara ta gani kafin a yanke masa launi. Ku tambaye shi sunan kyamarar da tsarin, ku rubuta a jikin ma'ajin, domin duk gyaran a kan wannan bayani ya dogara. A manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da sigar kyauta, sai a gaya mata daga wane tsari bidiyon ya fito, a mayar da shi Rec.709. Daga nan a daidaita haske, a tabbatar fari ya zama fari, sannan a taɓa launi. A ganina nan ne aka fi kuskure: a yi ta ƙara haske har a sauya wa amarya launin fata. Fatar mutum ita ce ma'auni, a bar ta yadda Allah ya yi ta.

4. Waɗannan fayiloli suna da nauyi. Misali, minti ɗaya na bidiyon tsarin ProRes a girman 4K yakan ci kusan gigabait 6. Idan kwamfutar gida tana sarƙewa, ku sa manhajar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi yanka da haɗi da su. Lokacin fitarwa za ta koma kan na asali. A kunna adanawa ta kai tsaye saboda ɗaukewar wuta.

5. Ku fitar da kwafi biyu, na HDR don ajiya da sababbin talabijin, da na Rec.709 don rabawa. Wanda ba ya son dogon aiki, HandBrake kyauta ce kuma tana iya wannan juyin. A WhatsApp ku tura shi a matsayin fayil, har gigabait 2 yana ɗauka, ba zai matse shi ba.

6. Kafin a tura wa dangin miji da na mata, a gwada minti ɗaya a wayar da ta fi kowace tsufa a gidan da kuma talabijin ɗin falo. Idan fuskoki sun fito daidai a nan, a fitar da sauran.