Allura da Inji: Wanne Ya Fi Daraja?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata tambaya wadda yaranmu za su yi mana ran da muka tsaya gaban allo: shin ilmin ƙere-ƙere ya fi fasahar hannu daraja? To, bari mu auna ta da abin da ke cikin birnin Kano.

Akwai unguwa a cikin ganuwa ana ce da ita Soron Ɗinki, sunanta kaɗai ya isa shaidar sana'ar da aka san ta da ita. Riga mai aska takwas ba hannu ɗaya ke gama ta ba. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buge, wani ya zana, sa'an nan maɗinki ya bi zanen da allura, wani lokaci har watanni. A shekarar 1851 Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano, ya iske tufafinta suna kaiwa Tambutu da Tarabulus. Ya kimanta wanda a ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ƙanƙanta ke nan.

Farko, mu lura da cewa fasahar nan ba ta rasa kimiyya ba. Marinin Ƙofar Mata yakan zuba baba da toka da katsi a karofi, ya bar su kwanaki su ruɓa. In ya tsamo zane sai ka gan shi kore-kore, iska na dukansa sai ya koma shuɗi. Masana sun bayyana cewa wani sashe na iskar da mu ke shaƙa shi ke juya launin. Ashe marini ya daɗe yana aiki da abin da littafi ya zo ya ba suna.

Na biyu, kada mu rena ƙarfin ƙere-ƙere, gama wanda ya rena shi yakan sha wuya. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, noman baba ya karye a ƙasar Hindu. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, yadin Ingila ya yi ta kwararowa da araha. Karofi da yawa sun mutu a hankali.

Na uku, inji yana da iyaka. Keken ɗinki yakan gama cikin yini abin da hannu zai yi wata a kansa, amma bai san inda ya kamata aska ta tsaya ba, sai an nuna masa. Sauri nasa ne, zane na mutum ne. Shi ya sa har yau rigar da aka yi wa aikin hannu ta fi ta keke tsada.

Saboda haka kimiyya ita ke tsare sana'a kada ta mutu, fasaha kuwa ita ke sa a so abin da aka ƙera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta haɗa karatu da sashen sana'o'in hannu.

Aikinmu ke nan, malamai. Ɗan maɗinki ya koyi awo da lissafi ba tare da ya ji kunyar allurar ubansa ba. Malamin da ya sa yaro ya rena sana'ar gidansu, ya kuwa ɓata fiye da abin da ya gyara. Allah ya sa mu gane.