DARASIN LAFIYA: Wane Magani Ya Dace da Murar Bununi?

Akwai wata irin mura mai dawowa kowace shekara a lokaci ɗaya. Takan zo idan gero da ciyawa sun yi bununi. Wasu kuma sai lokacin sussuka take kama su. Mai ita yakan yi ta atishawa, hanci yana zuba, ido yana ƙaiƙayi. Ba ta zuwa da zazzaɓi, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Jikin mutum ne ba ya jituwa da ƙurar da ya shaƙa.

Magungunanta iri-iri ne. Kowanne da amfaninsa, kowanne da illarsa.

1. Piriton. Yana da araha, yana tsayar da atishawa. Babban mutum yana shan ƙwaya 1 bayan awa 4 zuwa 6. Illarsa ita ce yana sa barci. Direba da ɗan acaɓa da mai injin niƙa kada su sha shi in za su fita aiki.

2. Cetirizine ko loratadine. Babba yana shan ƙwaya 1 kawai a rana. Ba su cika sa barci ba. Sun fi dacewa da mai aikin rana.

3. Maganin fesawa a hanci, irin su beclomethasone. Shi ya fi ƙarfi ga mai toshewar hanci. Amma sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga aikinsa.

4. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, kamar Otrivin. Kada a wuce kwana 5 ana amfani da shi. In an zarce, hanci zai ƙara toshewa.

A kula! Kafso irin su tetracycline da Ampiclox ba sa maganin wannan mura. Sayensu asarar kuɗi ce.

Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada su sha komai sai malamin asibiti ya ce. Wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko ƙirjinsa ke fito, a kai shi asibiti ba da wasa ba. Yana iya zama asma.

Mai zuwa sussuka ya rufe hanci da ƙyalle. In ya dawo ya wanke fuska, ya canja riga.

TAMBAYOYI
1. Wane magani ne ke sa barci?
2. Kwana nawa ake amfani da maganin ɗigawa?
3. Yaushe za a garzaya asibiti?