Darasi Kan Lafiya: Tallafa wa Tunanin Mai Tiyatar Rage Ƙiba

Gabatarwa

Ƙiba mai tsanani cuta ce, takan kuma jawo ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan rage ci, motsa jiki da magani duk suka kasa, likitoci sukan ba da shawarar tiyata. Ana yin ta a wasu asibitocin Legas da Abuja, wasu kuma sukan tafi Indiya ko Turkiyya. Manufar wannan darasi ita ce mu gane cewa likita yakan gama aikinsa cikin 'yan sa'o'i, amma majinyaci yana bukatar mai riƙe masa hannu na tsawon shekaru, tun kafin aikin har bayansa.

Abin da tiyatar take yi

Iri biyu ne suka fi yawa. A na farko akan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn sashe mai kamar ayaba. A na biyu akan ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi da ƙaramin hanji. Bisa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022, wanda ma'aunin ƙibarsa ya kai 35 ya cancanta, haka ma mai 30 zuwa sama idan yana da cuta irin ta suga. Ana samun ma'aunin ta raba nauyi da tsawo sau biyu: mai kilo 110 da tsawon mita 1.7 ma'auninsa 38 ne.

Tiyatar tana rage wurin abinci, tana kuma rage jin yunwa. Amma wanda ya saba ci domin kaɗaici, fushi ko baƙin ciki, zai farka daga allurar barci da waɗannan duka a ransa.

Kafin tiyata

Saboda haka asibitoci da yawa sukan tura majinyaci wurin masanin halayyar ɗan Adam tukuna. Wani nazari da mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga a 2016 ya nuna cewa kusan mutum 19 cikin 100 na masu neman wannan tiyata suna da ciwon baƙin ciki, 17 cikin 100 kuma suna da larurar cin abinci mai yawa a zama ɗaya ba tare da iya tsayawa ba. Masanin yakan bincika abubuwa huɗu:

1. Yadda mutum yake ci, da abin da ke tura shi ga ci.
2. Ko yana shan giya ko wasu ƙwayoyi, ko ya taɓa tunanin kashe kansa.
3. Abin da yake sa rai tiyatar za ta yi masa. Wadda take zaton ramewa za ta dawo da zuciyar mijinta tana bukatar a gaya mata gaskiya tun da wuri.
4. Wanda zai kula da shi a gida.

Wasu sukan ɓoye damuwarsu don tsoron a hana su aikin. Wannan kuskure ne. Ciwon baƙin ciki da ake yi wa magani ba ya hana tiyata. Akan dai jinkirta ta idan ciwon ya yi tsanani har sai an shawo kansa.

Bayan tiyata

A watannin farko nauyi yakan zube da sauri, mutane suna ta yabo, suga da hawan jini sukan sauka. Duk da haka akwai juyayi. Wanda dā yake tashi da malmala biyu ta tuwo, yanzu 'yan cokula sun ishe shi. A wurinmu kuwa ƙin abincin mai masauki abin kunya ne, kuma wanda ya rame farat ɗaya akan fara raɗe-raɗin wata muguwar cuta a kansa. Fatar da ta saki ma takan sa wasu su ƙi duban madubi.

Lokacin da ya fi haɗari yakan zo daga baya. Bayan kamar wata 12 zuwa 18 nauyi yakan tsaya, wani lokaci ya ɗan dawo. Yabo ya ƙare, masu gaisuwa sun watse. Akan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska tana iya ruɗin mu, gama jiki ya yi kyau alhali rai yana cikin ƙunci. Binciken da aka yi a Amurka kan kusan mutum 2,000, aka buga a 2012, ya gano cewa matsalar giya ta tashi daga kashi 7.6 cikin 100 kafin tiyata zuwa 9.6 a shekara ta biyu. Bayan tiyata iri na biyu giya takan shiga jini da sauri ƙwarai. An kuma lura cewa cutar da kai da kashe kai sun ɗan fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa aikin, musamman masu ciwon tunani tun dā. A ƙasar Suwidin, nazarin 2018 ya nuna cewa bayan tiyata marasa aure sun fi samun aure, ma'aurata kuma sun fi rabuwa.

Mai shan maganin baƙin ciki kada ya daina da kansa. Tiyatar tana iya canza yadda hanji yake tsotsar magani, don haka likita ne zai daidaita masa adadi. Haka ma kafin ya shiga dogon azumi, sai ya nemi shawarar likita.

Aikin iyali da abokai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada mu matsa masa ya ƙara loma, kada kuma mu zama masu gadin kwanonsa. Kada mu ce ya bi hanya mai sauƙi, gama zai sha ƙwayoyin bitamin muddin ransa. Idan muka ga ya janye daga mutane, barci ya gagara, ya fara sha, ko yana maganar mutuwa, mu raka shi asibiti a ranar. Wanda kuma zai yi aikin a ƙasar waje, ya shirya likita da mai ba da shawara a gida tun kafin ya hau jirgi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa shekara ta biyu ta fi ta farko bukatar kulawa?
2. Yaya za mu karɓi baƙon da ba ya iya cin abin da muka zuba masa ba tare da mun kunyata shi ba?