Yadda Ake Gane Jirgin Sama Daga Ƙasa

Ɗalibin da ke Gwarzo ko Kabo kan ɗaga kai da hantsi ya hangi farin zare ya ratsa sararin samaniya, da ɗan ɗigo mai ƙyalli a gabansa. Wannan ɗigo jirgin fasinja ne mai cin dogon zango, kuma da ido da kunne da ɗan lissafi ana iya sanin abubuwa da dama game da shi.

Da farko a lura da farin zaren. Irin waɗannan jirage suna tafiya ne a nisan mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa, inda sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Idan inji ya ƙona mai, yakan fitar da tururin ruwa mai zafi, wanda ke daskarewa nan take ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Ke nan zaren gajimare ne, ba hayaƙi ba. In ya ɓace da wuri, iskar can sama a bushe take. In ya daɗe yana bazuwa, akwai laima a cikinta. Da madubin hangen nesa kuma ana iya ƙirga zaren a daidai bayan fukafukai, domin kowane inji nasa yake fitarwa.

Na biyu shi ne ƙara. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, saboda haka ƙarar jirgin da ke nisan mita 10,000 takan ɗauki kusan sakan 30 kafin ta iso kunne. A cikin wannan lokaci, jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa ya riga ya ci fiye da kilomita 7. Dalili ke nan da ya sa mai bin ƙara da ido yakan dubi inda jirgin ya baro.

Na uku shi ne siffa, wadda ta fi bayyana idan jirgi ya yi ƙasa-ƙasa zai sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Boeing 747, wanda ya fara tashi a 1969, yana da injuna huɗu da tozo a gaba kamar na bijimi. Mutanen wannan yanki sun san shi sarai, domin da irinsa kamfanin Kabo Air ya yi shekaru yana jigilar alhazai zuwa Jidda. Marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin a 1980. A 2023 aka miƙa 747 na ƙarshe da aka ƙera, kuma yawancin jiragen dogon zango a yau masu injuna biyu ne, kamar Boeing 777 da Airbus A350.

Kamfanin da ke da jirgi ana gane shi ta launi da tambarin wutsiya. Ƙasar rajista kuwa tana cikin lambar jikinsa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U.

Aiki ga ɗalibai: ku zaɓi ranakun da babu hazo, ku rubuta lokaci da alƙiblar kowane jirgi da tsawon zaman zarensa har mako biyu. Sannan ku lissafa sakan nawa ƙarar jirgin da ke nisan mita 12,000 za ta ɗauka kafin ku ji ta.